Tsatsa a Ƙasan Tanki Na Huɗu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ya aiki, ya sanyin ofis? Mu nan lafiya lau, sai zafin rana da warin mai, wanda ka sani, ko da yake ina jin hancinka ya manta shi.

Ka yi haƙuri da takarda. Ka san dokar daffo, ba a shiga filin tankuna da waya. A gida kuma in ka kira, sai dai in yi ta "Eh? Me ka ce?" har ka gaji ka kashe. Shekara ashirin da shida ina buga guduma a cikin tanki, kunnen hagu ya tafi hutu, na dama ma yana haɗa kayansa. Don haka zan riƙa ba Dogo direba wasiƙa, tunda duk mako tankarsa tana bi ta ƙofar hedikwatarku.

Na ga mujallar kamfani. Manaja da kansa ya kawo min ita har ɗakin kayan aiki yana washe baki, wai "Baban Huɗu, ga ƙaninka!" Na duba, sai ga ka ka sha farar hular kwano sabuwa fil, ka dafa Tanki Na Huɗu kamar kai ka haife shi. Ka yi kyau, wallahi. A ƙasan hoton an rubuta wai tankin ya shekara talatin da takwas ƙasansa bai taɓa hujewa ba, kuma injiniyan yaƙi da tsatsa ya kawo masa sabon tsarin kariya. Sau uku na karanta. Akwai sunanka, akwai na Manaja, har mai ɗaukar hoton an sa sunansa a gefe. Ni kuwa, in ka ƙura ido da kyau, za ka ga rabin takalmina a kusurwar hagu.

Bari in tuna maka, ko boko ya goge maka. Ƙasan tanki ba ya ganin rana, ba mai iya shafa masa fenti. A kan yashi yake zaune, in danshi ya samu hanya sai tsatsa ta riƙa cinsa daga ƙasa, ba wanda zai sani sai ranar da mai ya tsiyaye. Ni ne duk shekara, kafin ruwan farko, nake rarrafe in zagaye leɓen tankin nan, in kankare tsohuwar kwalta in liƙe da sabuwa don kada ruwa ya kutsa. Ni na binne tubalan tutiya goma sha shida kewaye da shi, na ɗaura wa kowanne waya zuwa jikin tankin, don tsatsa ta ci su ta ƙyale ƙarfen. In sun cinye in tono in sa wasu. Ni ne duk ɗaya ga wata nake ɗaukar mita da 'yar kwalbar nan mai shuɗin ruwa, in dasa ta a ƙasa wuri takwas, in rubuta lambar a littafi. Ba banza ma'aikata suke ce min Baban Huɗu ba. Kai kanka ni na fara nuna maka yadda ake dasa kwalbar.

Sannan Dogo ya ba ni labarin jawabinka a wurin wani taron kamfani. Wai ka ce, "Yayana shi ne tubalin tutiyata, shi tsatsa ta ci don ni in tsira." Wai har an yi tafi. Na gode ƙwarai. Sai dai ban sani ba ko ka tuna abin da nake yi da tubali in ya gama cinyewa. Bayan katanga nake wurga shi.

Akwatinka mai ruwan toka an kafa shi ranar Alhamis. An yanke wayoyin tubalaina duka goma sha shida, an maƙala ƙaton kwaɗo, mabuɗi yana aljihun Manaja. An liƙa takarda cewa ba mai taɓawa sai da izinin injiniya. Na tsaya na karanta ta da ƙarfi, don in tabbatar na fahimci matsayina.

Ka gaida mai ɗakinka da jaririya. Antinka da yara suna gaishe ka. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Yayanka

*

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kai da Anti da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta same ni. Na yi dariya a wasu wurare, a wasu kuma ban tabbata dariyar ake so in yi ba.

Game da mujalla, wallahi ba ni na rubuta ba. Na ba su bayani shafi biyu, suka ɗauki abin da suka ga dama. Maganar tubalin tutiya kuma, Yaya, yabo na yi nufi. Ka bar makaranta shekarar da Baba ya rasu ka shiga daffo, ni na ci gaba da karatu. Ban san wata hanyar da zan faɗi wannan a gaban jama'a ba. In ta yi maka zafi, ka yafe min.

Bari in yi maka bayanin akwatin, don kada ka ɗauke shi abokin gaba. Aikin tubalanka yake yi, sai dai shi ba ya cinyewa. Yana tura 'yar wutar lantarki ta waya biyu. Jar waya tana zuwa sandunan da muka binne kewaye da tanki, baƙar waya kuma tana jikin tankin. Muddin wutar tana fita daga sanduna ta bi ƙasa ta shiga tanki, tsatsa ba za ta taɓa shi ba. Amma in wani ya yi karambani ya juya wayoyin nan, wutar za ta koma cin ƙasan tankin, kuma cikin sauri. Dalilin kwaɗo ke nan. Ba don kai aka sa shi ba, doka ce ɗaya ga kowa. Da Na Huɗu muka fara, sauran tankuna biyar za su samu nasu kafin ƙarshen wata.

A fuskar akwatin akwai koriyar fitila da lamba. Duk wata Manaja zai turo min lambar in duba in sa hannu. Saboda haka na soke zagayen ɗaya ga wata. Sau ɗaya a shekara wani kamfani zai zo da na'urorinsa ya yi cikakken awo. Ka hutar da gwiwoyinka, Yaya, ai ka yi mai wuyar.

Littafinka kuma, in ba za ka damu ba, ka ba Dogo ya kawo min. Muna shirya wani kabad na gilashi a zauren baƙi don kayan tarihin kamfani, zan so a sa shi a ciki tare da kwalbar. Ina ganin wannan girmamawa ce da ta dace da kai.

Ana jirana a taro, zan tsaya nan. Ka miƙa gaisuwata ga Anti, ka ce mata ina nan zuwa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ƙaninka mai biyayya,
Auta

*

Zuwa ga Ranka Ya Daɗe Injiniya,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙaramin ma'aikaci. Da fatan an fito taro lafiya.

Kabad na gilashi! Kai, Allah ya saka da alheri. Don Allah ka tambaya min ko akwai babba wanda ni ma zan shiga, in zauna kusa da kwalbar, baƙi su riƙa nuna ni suna cewa ga yadda ake yi a da. Littafi dai ba zan bayar ba. Nawa ne, kuma ban gama rubutu a ciki ba.

Ga labarin daffo. Ranar Talata an yi ruwa da tsawa, aradu ta faɗi kusa da katanga, akwatinka ya mutu murus. Manaja ya ruɗe, ya kira mai gyaran lantarkin da ke gyara mana fanka da injin ruwa. Mutumin ya buɗe, ya tarar bakin wayoyin biyu duk sun ƙone, ya yanke, ya ƙara musu tsawo da wayar da ya zo da ita, ya canza abin da ya lalace, ya mayar. Ni ina tsaye daga nesa, hannuwana a baya kamar mai kallon ƙwallo, tunda takarda ta ce kada in taɓa. Fitila ta kawo koriya shar, lamba ta dawo yadda take. Manaja har da yi wa mai gyara kirari. Ya ce zai turo maka lambar ka sa hannu.

Washegari na ɗauki kwalbata na zaga tankin. Kada ka ce na karya doka, gwiwoyin da ka ce in hutar ne suka ƙi zama, sun saba. Abin da na gani yana cikin littafina. Tunda an soke zagaye, ba na jin hedikwata tana da buƙatar lambar tsoho.

Fitilarka tana ci, Injiniya. Allah ya ja zamani.

Mai gadin fitila,
Baban Huɗu

*

Zuwa ga ƙanin mijina, Injiniya mai kwaɗo,

Assalamu alaikum. Gaisuwar nan ta dole ce, don raina a ɓace yake. Amma dai ya ƙanwata mai ɗakinka, ya jaririya, ta fara zama kuwa?

Yau kwana huɗu Yayanka yana gida, an dakatar da shi daga aiki. Ka san laifinsa? Ya fasa kwaɗon akwatinka da guduma ya kashe wutar. Manaja ya ce ɓarnar kayan kamfani ce. Mutumin da ya shekara ashirin da shida ko ƙusa bai taɓa fitowa da ita daga daffo ba, yau shi ne mai ɓarna! Na san takardar hukuncin teburinka za ta zo, shi ya sa na riga ta. Shi bai san na rubuto ba, fakar idonsa na yi na ba Dogo.

Wata biyu ke nan ban gane kan mijina ba. In na ajiye abinci sai ya jujjuya cokali ya ture. Babbar 'yarmu ta yanke hotonka daga mujalla ta liƙa a bangon falo tana taƙama da baffanta, ya zo ya ɓamɓare ya dunƙule ya jefa a kwandon shara. Da rana kuma na kama shi a ɗakin ɗinkina yana miƙar da hoton da dutsen gugana, da ya gan ni ya ce wai gwada zafinsa yake. In an ambace ka a gabansa sai ya ce kunnensa ne, bai ji ba. Amma in na rage murya a cikin ɗaki ina yi wa yara maganarka, daga tsakar gida yake jiyowa. Kishi ne, Auta, ni na zauna da shi na san shi. Amma kai ma ka ja. Wa yake ce wa yayansa ya kawo kayan aikinsa a sa a gilashi alhali yana raye yana shan iska? Ilimin naka bai kai nan ba ne?

To, ga abin da nake so ka gaya wa masu hukuncin. Mijina bai fasa kwaɗo don hauka ba. Wayoyin akwatinka a juye suke, mai gyara ya sa ta tanki a wurin ta sanduna. Duk daffon nan, da Manajanku da fitilarku, ba wanda ya gane sai shi. Kuma kada wani ya ce sa'a ce ya yi, don tun washegarin gyaran ya gano! Na buɗe littafinsa na gani da idona. A shafin ranar Laraba ya rubuta "A JUYE" da jan biro, ya ja layi biyu a ƙasa. Daga ranar kullum sai ya auna, kullum sai ya rubuta. Na zauna na ƙirga shafi-shafi, kwana sittin da huɗu cif, ko ɗaya bai tsallake ba. Ka ga ƙwarewa ko? Wane injiniya ne a ofishinku zai bi abu kwana sittin da huɗu bai gaji ba? Ni ban san kan lambobinku ba, ɗinki na iya, amma na san in ka gaya musu wannan, lambar yabo za su ba shi, ba takardar dakatarwa ba.

Ka gyara abin da ka ɓata. In ba haka ba, kada ka ƙara zuwa gidana ka miƙe ƙafa a kujera kana cewa "Anti, me aka dafa?" Ruwa ma sai ka ɗebo da kanka.

Ka gaida gida. Allah ya shirye ku, kai da yayan naka duka.

Antinka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ka gafarce ni, yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Anti ta rubuto min tana kare ka. Kada ka yi mata faɗa. Ba ta san abin da ta faɗa min ba, ita a ganinta shaidar ƙwarewarka ta aiko.

Kwana sittin da huɗu, Yaya? Ni zan gaya maka abin da juyayyar waya take yi? Ai ka fi ni sani. Dare da rana wutar nan tana zare ƙarfe daga ƙasan tankin tana zubawa a yashi. Faranti ne da kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba, mai shekara talatin da takwas, ga mai cike a kansa, ga rijiyoyin da 'ya'yanka suke sha a bayan katanga. Kai kuma kana tsaye kana aunawa kana rubutawa. Ofishin Manaja taku arba'in ne daga ɗakin kayan aikinka. Dogo ya zo nan sau tara a tsakanin, in ban da wasiƙa ɗaya, hannunsa wayam.

Na koma na karanta wasiƙarka ta ƙarshe. "Abin da na gani yana cikin littafina." Tun a lokacin na ga layin nan. Na ce Yaya ne da habaicinsa, na jefa takardar a aljihun tebur ina jin haushi, ban tambaya ba. Sau biyu na sa hannu a lambar Manaja. Fitilar nan tana nuna cewa wuta tana tafiya ne, ba ta nuna inda ta nufa. Kwalbarka ce kaɗai take nuna wannan. Na san haka sarai, amma na soke zagayenka. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Kuma tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, ba don gwiwoyinka kaɗai na soke ba. Duk ranar da na zo daffon nan, da digirina da motar kamfani, mai gadi cewa yake "Ƙanin Baban Huɗu ya iso." In na ba da umarni, ma'aikata sai sun saci kallonka kafin su gyaɗa kai. Abin yana cina, Yaya. Na so in ga tanki ɗaya a duniya wanda yake tsaye da hannuna, ba da naka ba. A cikin tankuna shida kuma sai na fara da naka. Yanzu nake ganin ba haɗari ba ne ya sa na zaɓe shi.

An ba da umarni a kwashe man, a wanke tankin, a buɗe shi, a bi farantan ƙasa da na'ura ɗaya bayan ɗaya. Na sa an janye dakatarwarka don ka shiga tare da su. Bayan nan kwamiti zai zauna, kuma tambayarsu ta farko na san ta: wa ya sani, kuma tun yaushe?

Ni tawa tambayar ɗaya ce, kuma ina roƙonka ka amsa min ba da habaici ba. Me kake jira ya faru?

Ka gaida Anti da yara. Na bar ka lafiya.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, in za ka amsa.

Jiya muka shiga. Kwana tara ana kwashewa, ana wankewa, ana hura iska, sannan aka kwance ƙofar. Ni na fara rarrafawa ciki. Ka san yadda yake, duhu sai hasken ƙofa, in ka yi tari ya amsa maka sau uku. Ta sama farantan sumul suke, ka rantse ba abin da ya same su. Masu na'ura suka fara tura abinsu, duk inda ta yi ƙara su zana da'ira da alli. Ni ban jira na'ura ba. Na bi gefen gabas da 'yar gudumata ina bugawa, kunnen dama a ƙasa. Lafiyayyen ƙarfe yana da zaƙin murya, na san ta Na Huɗu kamar yadda na san taka. Wannan kuwa "dum" yake cewa, kamar ka bugi jiƙaƙƙen kwali. A faranti na sha ɗaya, daf da leɓe, gudumar ta nutse. Ta shige, Auta. Na zaro ta da jan yashi a bakinta. Abin da ya rage tsakanin man nan da rijiyoyin unguwa bai kai kaurin farce ba. Da aka tashi aiki an zana da'ira ɗari da talatin da ɗaya. Na zauna a tsakiyarsu na yi kuka, masu na'ura suka yi kamar ba su gani ba, Allah ya saka musu.

Ka ce me nake jira. Zan faɗa maka, ba habaici.

Ranar farko da na dasa kwalba na ga allurar mita ta karkata ta wancan gefen, daɗi na ji. Wallahi daɗi, har cikin ƙashina. Na ce yau ga akwatin boko yana cin tanki, fitila koriya shar. Na ce bari in ba shi kwana uku, zai karanta wasiƙata ya gane akwai magana. So nake ka tambaye ni, shi ke nan fa. So nake ka taso daga ofis da farar hularka, ka shigo ɗakin kayan aiki a gaban kowa, ka ce "Yaya, me ka gani?" Kwana uku suka zama mako. Duk ranar da Dogo ya dawo sai in tare shi tun daga bakin ƙofa in ce akwai saƙo? Ya ce babu. Sai in ƙara mako don haushi. Daga baya kuma kunya ta shigo ciki. In na faɗa yau, za a ce me ya hana ka jiya? Sai na ci gaba da aunawa, kamar rubutawar za ta rage wani abu.

Ina kishinka, Auta. Tun ranar da Inna ta rataye hoton gama karatunka a saman gadonta nake kishinka, kuma ni na kai hoton aka sa masa firam. Na yi murna da kai ranar, na kuma ji kamar an soka min allura. Har yau haka nake, ina son ka, ina jin zafinka, ban san yadda ake raba su ba.

Abin da ya sa na ɗauki guduma kuwa, ba kirki ba ne ya zo min. Ranar ta sittin da huɗu na durƙusa a leɓen gabas zan dasa kwalba, sai na ga jan ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin kwaltar da na liƙa da hannuna. Tsatsa ce. Duk kwanakin nan na ɗauka akwatinka nake kallo yana jin kunya. Ashe Na Huɗu nake kallo ana ci, ni da na yi rabin rayuwata ina kora masa tsatsa.

Antinka ta gane yanzu, ni na zaunar da ita na yi mata bayani. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Tana wuni a kan keken ɗinki, in ta ajiye min abinci ba ta kallona. Da ma faɗan ta yi.

Ga littafin nan a hannun Dogo, da ma ka nema tun farko. Ba don gilashi na aiko ba. Ka kai wa kwamiti, shafukan jan biro suna wajen ƙarshe, na naɗe musu kusurwa don kada su wahala wajen nema. Kai kuskure ka yi, ni da gangan na yi. Kada ka bari a haɗa mu a ma'auni ɗaya.

Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa min kan jaririya. Allah ya tsare ka.

Yayanka

*

Zuwa ga Baban Huɗu,

Salamu alaikum. Da fatan kowa yana lafiya.

Kwamiti ya zauna. Sun tambayi wa ya soke zagaye, na ce ni ne. Sun tambaya ko wani ya sani tun farko, na ce an rubuto min cewa an ga wani abu, ni ne ban tambaya ba. Ban yi musu ƙarya ba, ban kuma buɗe jakata na fito da littafinka ba. An ɗauke ni daga sashen tankuna, ƙarshen wata zan koma ɗakin ajiye takardu. Takarda ta ƙarshe da na sa wa hannu ita ce ta dawo da zagayen ɗaya ga wata. Mabuɗan sauran akwatuna biyar suna cikin ambulan ɗin wasiƙar nan, na damƙa maka su.

Na Huɗu ba za a yi masa sabon ƙasa ba, yanka shi za a yi. Masu walda sun ce a ba su wanda ya san kowane faranti, ya nuna musu inda za su fara sa wuta. Na ba da sunanka.

Ga littafinka, ban cire ko shafi ɗaya ba. Ka ci gaba daga inda jan biro ya tsaya.

Kada ka rubuto min tukuna, Yaya. In ɗaya ga wata ta yi, ka ba Dogo lambobin kawai. Yanzu ba aikina ba ne, amma zan karanta.

Ka gaida Anti. Na bar ku lafiya.

Auta